Sabuwar Fowil Dal a Leda: Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan kan abu guda suke, wato motocin shiga daji, waɗanda a Najeriya ake ce wa fowil ko jif, a Nijar kuma kat-kat. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yunin 2023, farashin sabuwar mota ya yi tashin gwauron zabo, mai niyyar saye kuma dole ya tsaya ya yi lissafi. Ga bakwai daga cikin wasiƙun da amsoshin makanikai da dillalan da ke kula da wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina noman shinkafa a fadama, ina kuma bin kasuwannin ƙauye sayen amfanin gona. Da damina hanyoyinmu laka ce zalla. Na tara abin da zai saya mini sabuwar Hilux, amma abokai na cewa in ɗauki 'yar Kwatano da ƙasa da rabin kuɗin, in juya ragowar a kasuwa. Wanne ya fi? Daga wani manomi a Hadeja, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa noma albarka. Abokanka suna duban kuɗin da za ka miƙa ranar saye ne kawai, alhali mota tana cin kuɗi ta ƙofa huɗu: darajar da take zubarwa kowace shekara, man da take sha, gyara, da kwanakin da take yi a gareji aikinka na tsaye.

Farashi yana bin dala, saboda haka bari mu buga misali da kaso. A ce sabuwa 100 ce, ta hannu mai shekara takwas kuma 45. Bayan shekara biyar a ce ka sayar da sabuwar a 60, tsohuwar a 30. Sabuwa ta cinye maka 40, tsohuwa 15. A nan tsohuwa ce gaba da nisa. Kada kuma ka ruɗu da wanda zai ce maka ya sayar da motarsa fiye da yadda ya saye ta. Naira ce ta faɗi, motar ba ta ƙara daraja ba, in ya je sayen wata zai gani.

To sai ƙofar gyara. Duk a-kori-kurar da ta yi shekara takwas tana aiki, ka ɗauka cewa a watannin farko za ka sa mata taya huɗu, baturi, shokozoba, bushin na ƙafafun gaba, ka kuma juye mai biyar: na inji, na giya, na akwatin raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da na aksul biyu. In injin gas ne, wato gazwal, na tsohon yayi, 1KD ko 2KD, akwai bel ɗin taimin da ake sauyawa a kilomita 150,000. In ya tsinke ana cikin tafiya, fistin zai daki bawul, gyaran kuma ya koma na kan inji gaba ɗaya. Kada ka dogara da abin da mita ta nuna, domin juya mita ya zama ruwan dare. Dubi sitiyari, robar fedar birki da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Mafi tsada a cikin duka su ne nozul huɗu da famfon gas, waɗanda ba a gane lafiyarsu da kunne sai an ɗora na'ura.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta fi shafarka. Mai shago a birni, in motarsa ta kwanta sati biyu, zai hau a-daidaita-sahu ya je kasuwa. Kai in taka ta kwanta sati biyu lokacin girbi, ko lokacin kai taki gona, hayar wata motar da cinikin da ya wuce ka za su iya haɗiye duk rarar da ka yi wajen saye. Saboda haka ga hukuncinmu: in kana yin kilomita 30,000 ko fiye a shekara, yawanci da kaya kuma a kan burji da laka, sannan kana da niyyar riƙe motar shekara takwas zuwa goma, sabuwa ta ci kuɗinta. In tafiyarka ba ta kai rabin haka ba, ko kuma sayen sabuwar zai ƙarar da jarin da kake sayen hatsi da shi, ka nemi ta hannu mai lafiya. Motar da ta cinye jari ba ta da kayan da za ta ɗauka.

In ka tsaya a kan sabuwa, ɗauki mafi sauƙin samfuri: giyar hannu, kujerun yadi, wilin ƙarfe. Shasi da aksul da giyar ƙarfi ta fita daga taɓo duk ɗaya ne da na mai tsadar. Abin da ake ƙara maka kuɗi dominsa allo ne da fata da ƙyalli, laka kuwa ba ta san su ba. Wilin ƙarfe in ya lanƙwashe a rami ana buga shi ya miƙe, na alminiyom fashewa yake. A wajen inji, 2TR mai lita 2.7 na fetur yana da sarƙar taimin maimakon bel, kuma babu garin da za ka rasa wanda ya san shi, sai dai yana shan kusan lita 12 zuwa 14 a kilomita 100. Na gas mai lita 2.4, wato 2GD, yana shan kusan 8 zuwa 10 kuma ya fi jan kaya, amma ba ya yafe gurɓataccen mai.

Abu na ƙarshe, Alhaji, lodi. Hilux mai gida biyu ba ta wuce kusan tan ɗaya ba, kuma a cikin wannan har da direba da yaran mota. Buhu takwas masu kilo 100 da mutum biyu sun cika ta. Masu ɗora buhu goma sha biyar su ne ake ganin shasinsu ya lanƙwashe daidai bayan gidan direba, domin nauyin ya zauna a bayan aksul yana ɗaga gaba. Garanti ba ya biyan wannan.

TAMBAYA: Ni 'yar kasuwa ce a Kano, zirga-zirgata daga gida zuwa Kantin Kwari ce, sai kai yara makaranta. Ƙauyenmu nakan je da Sallah da lokacin biki. Ina sha'awar sabuwar Prado saboda ramuka da ruwan da ke taruwa a titi da damina. Ya kuke gani? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Hajiya, ga wannan aikin ba ta ci kuɗinta ba. Babban abin da ake biya a Prado shi ne shasi mai zaman kansa wanda aka ɗora bodi a kai, da giyar ƙarfi ta hawan dutse da fita daga taɓo. Tsakanin gida da Kwari ba za ki taɓa sa wannan giyar ba, amma kullum za ki riƙa jan nauyinta, fiye da tan biyu. Abin da ramuka ke buƙata tsayi ne daga ƙasa. Prado tana da kusan santimita 21 zuwa 22, sabuwar RAV4 kuma kusan 19 zuwa 21, ƙaramar mota irin Corolla kuwa ba ta wuce 13 zuwa 15 ba. Kin ga RAV4, ko CR-V, ko Highlander in iyali na da yawa, sun biya buƙatar.

A cunkoson gari Prado za ta fi RAV4 shan mai da kusan lita biyar a kowane kilomita 100. In kina yin kilomita 15,000 a shekara, lita 750 ke nan, ban da tsadar taya da inshora. Doguwar mota mai nauyi kuma ta fi saurin kifewa in aka kauce wa wani abu da gudu, birkinta ma ya fi jan nisa, wannan ki gaya wa direba ko da wacce kika saya. In kuwa martabar motar ce ke ranki, wannan ma dalili ne, kuɗinki ne. Muna so dai ki san abin da kike biya.

TAMBAYA: Ina jigilar kaya da mutane tsakanin Agadas, Dirku da Bilma. Land Cruiser ɗina mai inji 1HZ ta tsufa. An ce sabuwar 79 ta fito da ƙaramin inji mai ƙarfi da giya mai sauya kanta, ta fi tsada amma ta fi tsimin gazwal. In ƙara kuɗi in saye ta, ko in nemi sabuwa mai irin tsohon injina? Daga wani direba a Agadas, Jamhuriyar Nijar.

AMSA: Malam, barka da hanya, Allah ya tsare. Land Cruiser jerin 70 tun 1984 ake ƙera ta, injin 1HZ kuma tun 1990. Lita 4.2 ne, silinda shida, babu turbo, ƙarfinsa kusan doki 130. Famfon gazwal ɗinsa na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke juya shi ba, shi ya sa makanike a Dirku zai iya kwance shi a kan tabarma ya mayar. A 2023 Toyota ta sa wa wannan jeri injin 1GD mai lita 2.8, silinda huɗu da turbo, ƙarfinsa kusan doki 200, tare da giya shida mai sauya kanta. Ƙarfin juyinsa ya kai 500 a ma'aunin da 1HZ ke da 285. A tudun rairayi da kaya wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma gaskiya ne ya fi tsimin mai.

Matsalar tana wajen abin da ake zuba masa. Sabon injin yana tura gazwal cikin nozul da matsin da ya haura bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), ta ramukan da suka yi kusa da kaurin gashin kai. Gazwal ɗin kansa shi ne man da ke shafe cikin famfon. Ruwa kaɗan ya shiga, sai ƙarfe ya goge ƙarfe, garin ƙarfen ya bi bututu ya lalata nozul huɗu gaba ɗaya, har tanki sai an wanke. Kai kuma a hanyarka daga duro da jarka kake shan mai, ba daga famfon gidan mai ba. Sannan mota mai giya mai sauya kanta ba ta tashi da turi. In baturi ko kik ya mutu a tsakiyar Tenere, babu dabarar turawa.

Shawararmu ita ce, ga wanda hanyarsa ke da ɗaruruwan kilomita babu gareji, in dila na da sabuwa mai 1HZ, ita ce ta ci kuɗinta, ko da ba ta gudu. Mai 2.8 ta fi dacewa da wanda ke bin hanyar Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, inda ake samun mai daga gidan mai da kuma mai na'urar duba inji. In duk da haka ita ka zaɓa, ka sa mata ƙarin filta mai raba ruwa kafin ta asali, ka riƙa zubar da ruwan da ya taru a gindinta, ka ajiye filta biyu a mota. Duron mai a bar shi ya kwana a tsaye kafin a ɗiba, kuma kada tiyo ya taɓa gindinsa, can ruwa da laka suke kwanciya.

Wa 1HZ kuma, abu uku. Bel ɗin taimin a sauya shi a kilomita 100,000 tare da abin da ke ɗaure shi. Baƙin mai a juye duk kilomita 5,000 saboda ƙura, filtar iska kuma a kaɗe ta a hankali, kada a hura mata iska mai ƙarfi har takardar ta yage. Na uku, kada ka bari a lallashe ka a ɗaura masa turbo na kasuwa. Fistin ɗinsa ba a yi shi don wannan zafin ba, ƙarshensa tsagewar fistin ko kan inji.

Ka kuma tambayi wadda ke da tanki biyu, lita 90 kowanne. A rairayi mai laushi a rage iskar taya zuwa kusan bar 1.0 ko 1.2, tayar ta baje ta hau bisa yashi, a tafi a hankali ba tare da karya kwana da ƙarfi ba. Da an fito kan ƙasa mai tauri a mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar zai yi zafi ya fashe. Famfon iska mai aiki da baturi ya fi duk wani ado da za ka saya wa motar amfani.

TAMBAYA: Wani dillali ya nuna mini sabuwar a-kori-kura mai injin gas, ya ce daga Turai aka kawo ta, ta fi ta babban dila kayan alatu kuma ta fi araha. Akwai abin tsoro? Daga wani ɗan kwangila a Kaduna.

AMSA: Akwai, Alhaji, kuma babba. Mota iri ɗaya, suna ɗaya, amma kamfani yana ƙera ta daban-daban gwargwadon ƙasar da za a kai ta. Ta Turai tana da wata matata a cikin salansa da ake kira DPF, mai kama baƙin hayaƙi. Lokaci-lokaci motar tana ƙone abin da ya taru da zafin da ya kai kusan digiri 600, kuma hakan na buƙatar doguwar tafiya a kan titi da gas mai tsabta. Gas ɗin Turai sinadarin salfa da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Ƙa'idar da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita a 2020 kashi 50 ce, man da ake saye a bakin hanya kuwa babu mai auna shi. Idan matatar ta toshe, fitila za ta kama, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi, mota ta koma rarrafe. Kafin nan ma, gas ɗin da take ƙara fesawa don ƙone matatar yana zurarewa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Alamarsa ita ce ka ga mai yana ƙaruwa a sandar awo maimakon raguwa.

Da yawansu kuma suna da ƙaramin tanki na wani ruwa mai suna AdBlue. In ya ƙare, motar ba za ta sake tashi ba bayan an kashe ta. Buɗe murfin wajen shan mai, in ka ga ƙaramin marfi shuɗi kusa da na gas, ita ce, ko da yake a wasu motocin marfin yana cikin bonet. Irin wannan injin yana kuma son baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka. Ana cire matatar a sake wa kwamfuta lissafi, amma wannan ƙarin kuɗi ne, in ba gwani ya yi ba kuma fitilu ba za su daina kamawa ba.

Sai batun garanti. Abin da aka saba bayarwa shi ne shekara uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, kuma yana bin yankin da aka yi motar dominsa. Ka ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka kai wa babban dila ka tambaya ko zai karɓi motar in ta samu matsala. In ya ce a'a, rarar da dillali ya nuna maka ita ce kuɗin garantin da ka rasa.

Ka duba kuma ko an juya mata sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocin da aka yi don ƙasashe masu sitiyari a dama kuwa akan sauya su a wani gareji kafin su iso. Leƙa bangon da ke tsakanin inji da gidan direba, in ka ga walda ko faci a ɓangaren fasinja, ko kuma waifa tana share gefen fasinja fiye da na direba, bar ta. Sitiyari da birkin da aka yanke aka sake haɗawa ba abin da za a ɗora rai a kai ba ne.

TAMBAYA: Na sayi sabuwar Hilux wata uku da suka wuce. In na sa ta a 4H a cikin gari, sitiyari yakan yi nauyi, taya na kuka a kwana, wani lokaci giyar ta ƙi fita. Ko an sayar mini da mai lahani ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Lafiyarta ƙalau, Malam, amma ka daina, tun kafin ta samu lahanin. A Hilux da Land Cruiser 79, sa 4H yana ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya daidai wa daida. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa. A kan yashi ko laka taya takan ɗan zame ta sauke bambancin. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin sarƙa da haƙoran giya, shi ne nauyin da kake ji. In giyar ta ƙi fita, ja da baya a miƙe 'yan mitoci, ko ka sa taya biyu a kan ƙasa, za ta saki.

A kwalta 2H kawai, wato tayoyin baya kaɗai ke ja. 4H na burji mai santsi ne da yashi da laka. 4L, wato giyar ƙarfi, sai an tsaya cak an taka kuloci, ko an sa giya a firi in mai sauya kanta ce. Makullin aksul na baya, in tana da shi, na fita daga kafewa ne a gudun da bai wuce kilomita 8 a awa ba, da an fita a cire. Amma kada ka bar fowil ɗin ya yi watanni ba a taɓa shi ba. Ka samu hanyar ƙasa ka yi kamar kilomita 16 da shi kowane wata domin mai ya zagaya, in ba haka ba ƙaramin injin da ke haɗa aksul na gaba yakan maƙale ranar da ake buƙatarsa. Prado da Land Cruiser 300 tsarinsu daban ne, kullum ƙafa huɗu suke ja, domin suna da abin da ke raba bambancin a tsakiya.

Tunda damina na tafe, ga ƙari. Iyakar zurfin ruwan da Hilux ta yanzu ke shiga santimita 70 ne, a hankali kuma. In inji ya mutu a cikin ruwa kada a yi masa ki, domin ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Bayan an ƙetare gulbi a duba man aksul, in ya koma kalar madara ruwa ya shiga, a juye shi a ranar.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya tana son motar kai marasa lafiya da kaya tsakanin ƙauyuka da gari. Kuɗin Toyota ya fi ƙarfinmu. Mun ga wasu sababbi, na China da wasunsu, da suka fi sauƙi sosai. Mu saya? Daga sakataren wata ƙungiya a Gembu, Jihar Taraba.

AMSA: Ranka ya daɗe, Allah ya taimaki ƙungiya. Ba Toyota kaɗai ke yin motar aiki ba. Isuzu D-Max, Mitsubishi L200, Nissan Navara da Ford Ranger duk suna da shasi da giyar ƙarfi, haka ma a-kori-kurar JAC da GWM, ga kuma Innoson da ke haɗa motoci a Nnewi. Abin da zai raba muku gardama shi ne kayan gyara. Ku rubuta abu goma: filtar mai, ta gas, ta iska, takalmin birki, faifan kuloci, boris na ƙafa, shokozoba, famfon ruwa, lagireto da gilashin gaba. Ku aika mutum ya tambaye su a Jalingo da Yola, sannan a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. In an samu takwas a kan kanta, motar ta yi. In kowanne sai an yi waya Ladipo a Legas, ko sai an jira jirgi, to motar marasa lafiya za ta riƙa yin sati uku a kan dutse saboda boris ɗaya. Ku tambayi dilan kuma inda garejinsa mafi kusa yake, domin garantin da sai an kai mota Abuja ba zai amfane ku sosai ba. Ku sani kuma in kun tashi sayarwa, waɗannan sun fi Toyota zubar da daraja, amma ga ƙungiyar da za ta riƙe mota har ta tsufa wannan bai cika damuwa ba.

Tsaunin Mambila yana da nasa sharaɗin. A tsayin da ya kai mita 1,500, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa saboda ƙarancin iska, don haka injin gas mai turbo ya fi muku. Direbanku kuma ya saba gangarowa da ƙaramar giya, ya bar inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, man birki zai tafasa, feda ta nutse babu kamu. A sauya man birkin duk shekara biyu, domin yana shan danshi, danshin ne ke sa shi saurin tafasa. Ku nemi tayoyin laka tun wajen ciniki, waɗanda mota ke zuwa da su yawanci na kwalta ne.

TAMBAYA: Ina so in karɓi sabuwar fowil ta banki in riƙa biya a hankali, amma ina gudun riba. Me kuma zan duba ranar karɓa? Daga wani ma'aikaci a Gashuwa, Jihar Yobe.

AMSA: Malam, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna yin murabaha: banki ya sayi motar, ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kashi-kashi. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ka gwada da farashin kuɗi hannu. Ka sa inshora a lissafi, domin banki zai nemi cikakkiya, kuma tun Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Akwai kamfanonin takaful masu yin ta bisa tsarin Musulunci. In biyan wata da inshora da mai suka haura sulusin albashinka, motar ta fi ƙarfinka a yanzu.

Ranar karɓa ka je da rana, da makanikenka. Lambar shasin da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takardun kwastam da ta rasit, harafi da harafi. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 1224 na nufin mako na 12 na 2024. In tayoyin sun haura shekara biyu, motar ta daɗe a ajiye, sai ka nemi a sauya baturi da baƙin mai kafin ka sa hannu. Ka leƙa ƙarƙashi ka duba tsatsa, domin iskar bakin teku tana cin motar da ta daɗe a tashar jirgin ruwa. Ka gwada 4H da 4L a kan ƙasa, ka ga fitilarsu ta tsaya ba ta ƙiftawa. Ka ƙirga makulli biyu, safaya, jak, da littafin garanti mai hatimin dila da kwanan watan ranar. Tunda hanyoyin Yusufari da Yunusari rairayi ne, ka ƙara da shebur, igiyar ja mai ɗaukar aƙalla ninki biyu na nauyin motar, da ma'aunin iskar taya, ka kuma sa a nuna maka ƙugiyar da ke ɗaure da shasi, domin a nan ake ɗaura igiya, ba a bamba ko ƙwallon jan tirela ba.